Zaren haske a matsayin geji: yadda ake auna motsin da ido ba ya gani da kaya masu araha

Duk wanda ya taɓa tsayawa wajen masu gyaran manyan injinan wuta a Sharada ko Bompai a Kano ya san dabarar nan ta sukundireba. Oga zai ɗora bakinta a kan gidan boris, ya kara ƙotar a kunnensa, ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ɗago ya ce wa mai inji: "Alhaji, boris ɗin nan ya kusa, a nemo wani kafin ya ci shaf." Sau da yawa kuma maganarsa kan tabbata. Abin da kunnen oga ya jiyo wani ɗan motsi ne da bai kai kaurin gashin kai ba. Shaf, wato sandar ƙarfen da ke juyi a cikin injin, shi ne ke kaucewa daga mazauninsa yana dawowa, sau 25 a daƙiƙa guda idan injin mai juyi 1,500 ne a minti. Sai dai kunne ba ya bayar da lamba. Ba a iya rubuta abin da oga ya ji yau a littafi don a gwada shi da na watan gobe, kuma ranar da oga ya tafi Umara, inji ya zama maraya.

Na'urorin da ke mayar da irin wannan motsi lamba suna nan, kamfanonin Jamus da Amurka da Japan na ƙera su. Amma da dala ake sayensu, kuma mai ƙaramar masana'antar leda ko matsar man gyaɗa a Dakata ba zai ma tambayi kuɗinsu ba. Wannan ne ya sa wata tsohuwar dabara ta sake samun kasuwa a ɗakunan gwaje-gwajen jami'o'i, musamman a Malesiya da Indonesiya da Indiya inda aka yi rubuce-rubuce da yawa a kanta: a ɗauki zaren haske na roba guda biyu, ɗaya ya kai haske jikin abin da ake son aunawa, ɗayan ya dawo da abin da ya faɗo masa, sai yawan hasken da ya dawo ya faɗi nisan abin. Dabarar tana aiki, kuma kayanta ba su fi ƙarfin ɗalibi ba. Amma arahar a kayan haɗi ta tsaya. Wahalar tana wajen sa lambar da na'urar ta bayar ta zama abin yarda, kuma a nan ne yawancin ayyukan ɗalibai ke yin tuntuɓe.

Wane zare ake nufi

Haske kan lanƙwashe idan ya tashi daga wani abu ya shiga wani, kamar daga ruwa zuwa iska. Ibn Sahl ya rubuta ƙa'idar wannan lanƙwasa a Bagadaza wajajen shekarar 984. Idan hasken ya bugi iyakar a kwance sosai, ba ya fita sam, sai ya komo ciki gaba ɗaya. A farkon shekarun 1840 Daniel Colladon ya nuna wa mutane haka a Janiba, inda ya sa haske ya bi ruwan da ke tsartuwa daga tanki yana lanƙwasa tare da shi. Zaren haske haka yake aiki: akwai ciki, akwai siririyar riga da ta kewaye shi, haske na ta bugun iyakar yana komowa har ya fita ta ɗaya bakin. A 1966 Charles Kao da George Hockham suka nuna a Ingila cewa datti ne a cikin gilashi ke cinye hasken, idan aka tace shi za a iya aika saƙo da nisa. Kamfanin Corning ya fitar da irin wannan zare a 1970, Kao kuma ya samu kyautar Nobel a 2009.

Faiba, wato zaren hasken intanet, da ake haƙa rami ana binnewa a gefen titunan Kano jikar wannan bincike ce, ta gilashi. Hanyar da haske ke bi a cikinta kusan maikiron 9 ce, alhali milimita ɗaya maikiron 1,000 ce, gashin mutum kuwa yakan kai tsakanin 50 zuwa 100. Haɗa ta sai da inji na musamman da hannu mai natsuwa. Wadda muke magana a kai daban ce, ta roba ce, irin robar nan mai garau da ake yin allunan talla da ita. Hanyar haskenta maikiron 980 ce, wato kusan milimita guda, da baƙar riga a waje ta zama milimita 2.2. Ana yanka ta da reza, a goge bakin da samfefa mai laushi, a kara ta da ƙwan LED ja, shi ke nan haske ya shiga. Wanda ya taɓa haɗa talabijin da sifika ta wayar nan da jan haske ke leƙowa a bakinta ya riƙe ta a hannunsa. Toshiba ne ya fito da wannan waya a 1983 da sunan TOSLINK, kuma ana samunta wajen masu kayan sauti a Sabon Gari.

Ta roba tana da cin haske. A ta gilashi, haske kan yi tafiyar kusan kilomita 15 kafin rabinsa ya salwanta. A ta roba kuwa, mita 15 zuwa 20 kacal. Don haka ba ta kai intanet ko'ina sai cikin ɗaki ko cikin mota. Ga mai awo wannan ba damuwa ba ce, tunda tsakanin inji da akwatin karatu bai wuce mita biyu ko biyar ba.

Hawa, ƙololuwa da gangara

Nan ne zuciyar maganar. Ka haska tocila a bango cikin duhu. In ka manna ta da bangon, da'irar hasken ƙarama ce mai ƙarfi. In kana ja da baya, da'irar na faɗi tana dusashewa. Haka haske ke fita daga bakin zaren roba, yana buɗewa da kusurwar digiri 30 a kowane gefe.

Yanzu a jera zare biyu kafaɗa da kafaɗa, bakinsu na kallon wani ƙarfe mai sheƙi. Idan ƙarfen na manne da su, hasken da ya fito daga na farko zai koma cikinsa ne, na biyu bai samu komai ba, mita ta nuna sifili. Da an ɗan ja ƙarfen baya, da'irar hasken da ya dawo za ta fara faɗi har gefenta ya taɓa bakin zare na biyu. Daga nan karatu zai fara hawa da sauri, domin kowane ɗan matsawa na ƙara yawan bakin da haske ya rufe. Ana haka har da'irar ta rufe bakin duka, karatu ya kai ƙololuwa, galibi a wajajen milimita ɗaya ko biyu idan zaren mai milimita guda ne. Bayan nan babu sauran bakin da za a rufe, sai dusashewa kawai, karatu ya dinga gangarowa a hankali.

Ɓangaren hawa shi ne mai kaifi, amma gajere ne, bai cika wuce 'yan ɗaruruwan maikiron da za a ce layin a miƙe yake ba. Ɓangaren gangara yana da tsawo, yakan kai milimita da dama, amma jinsa bai kai na farko ba. Mai auna girgizar shaf zai zauna a hawa. Mai bin tsagewar bango zai fi son gangara. Ƙololuwar kanta tana da nata amfani: a wurin, ɗan matsawa gaba ko baya ba ya canza karatu, don haka duk canjin da aka gani daga fuskar abin ne. Da ita ake gwada santsi ko kaushin ƙarfe, da ita kuma ake saita na'urar kafin a fara aiki.

Akwai tarko biyu a wannan zane. Na farko, lamba ɗaya na iya nufin tazara biyu, ɗaya kafin ƙololuwa ɗaya bayanta. Wanda bai san a wane gefe yake zaune ba, sai ya ga karatu ya ƙaru ya ce abu ya yi nisa, alhali matsowa ya yi. Na biyu ya shafi baƙar rigar nan. In aka jera zaren biyu da rigunansu, tsakanin hanyoyin hasken akwai ratar milimita 1.2. Lissafi ya nuna sai abin ya yi nisan kusan milimita guda kafin ko ɗigon haske ya shiga zare na biyu. A cikin wannan milimita na'urar makauniya ce. Shi ya sa ake fere rigar a ƙarshen, a manne tsiraran zaren biyu cikin ɗan bututun ƙarfe da gam mai ƙarfi, sannan a goge bakinsu tare su zama daidai wa daida.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Tun a shekarun 1960 aka yi mata rajistar mallaka a Amurka, kamfanin Mechanical Technology na jihar New York kuma ya sayar da ita da sunan Fotonic. Nasu ɗaurin siraran zaren gilashi ne masu yawa, wasu na kai haske wasu na dawo da shi. Abin da ya canza shi ne LED da zaren roba da ƙananan kwamfutoci sun yi arahar da kowa zai iya gwadawa.

Daga haske zuwa lamba

A ƙarshen zare na biyu ana sa fotodayod, ɗan ido na lantarki da ke fitar da wuta kaɗan gwargwadon hasken da ya same shi. Wutar ƙanƙanuwa ce, sai an bi da ita ta amfilifaya ta zama bolt ɗin da mita za ta gani. Daga nan a miƙa wa ɗan allon kwamfuta irin Arduino Uno, wanda ke raba bolt 5 gida 1,024, kowane gida kusan milibolt 5. A ce an saita na'urar ta yadda rabin milimita na hawa ke bayar da bolt 2. Kowane maikiron ya zama milibolt 4 ke nan, gida ɗaya na Arduino kuma ya zama maikiron ɗaya da ɗoriya. Geji mai fuskar agogo da masu sassaƙa ƙarfe ke amfani da shi, kowane layinsa maikiron 10 ne. A takarda, na'urar ɗalibi ta ninka shi kaifi kusan sau takwas.

A takarda na ce. Na'urar nan haske take ƙirgawa, mu ne muke fassara shi zuwa tazara, kuma duk abin da ya taɓa hasken zai shigo cikin lissafi da rigar tazara. LED na rage haske idan ya ɗumama, don haka karatun minti na farko da na bayan rabin awa ba ɗaya ba ne ko da ba a taɓa komai ba. Batir in ya fara sanyi, haka. A lanƙwasa zaren da yawa, haske ya zube ta gwiwar. A taɓa fuskar ƙarfen da yatsa mai maiƙo, karatu ya sauka. Shaf mai tsatsa a gefe guda, ko mai tabon walda, zai nuna kamar yana rawa alhali lafiyarsa ƙalau, launinsa ne kawai ke sauyawa yayin da yake juyi. Hasken rana da ya shigo ta taga yana shiga zare na biyu kai tsaye, dogon ƙwan lantarki kuma na ƙyaftawa sau 100 a daƙiƙa a wutarmu mai zagaye 50, sai ya bayyana a zane kamar wata girgiza.

Sai kuma abin da rubuce-rubucen ƙasashen waje ba su cika damuwa da shi ba, mu kuwa shi ne gabanmu: ƙura da zafi. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, duk abin da aka ajiye a Kano da safe, kafin la'asar ya yi fari. Bakin zare milimita ɗaya ne tak, ƙurar da za ta rufe wani sashe nasa ba ta da yawa, kuma na'urar za ta ɗauka abin ne ya matsa. A wurin niƙa ko casa ma ba sai an jira hunturu ba. Zafi kuwa ta fuska biyu yake zuwa. Zaren roba ba ya jure abin da ya wuce digiri 70 zuwa 85, don haka ba a kai shi kusa da salansa ko kan silinda. Sannan ƙarfen da ya riƙe na'urar shi ma yana miƙewa. Alminiyom na ƙaruwa da maikiron 23 a kowace mita idan zafi ya hau digiri ɗaya. Mariƙi mai tsawon santimita 10, tsakanin sanyin asuba da zafin azahar in an samu bambancin digiri 10, ya miƙe da maikiron 23. Wanda ya rubuta a rahotonsa cewa na'urarsa na auna maikiron ɗaya, mariƙinsa kaɗai ya yi masa ƙaryar ashirin da uku.

Kowace matsala a nan tana da magani, kuma yawancinsu ba kuɗi suke ci ba, haƙuri suke ci. Hasken waje ana korarsa ta hanyar sa LED ya dinga kunnuwa yana mutuwa, a ce sau 1,000 a daƙiƙa, sai a umarci kwamfutar ta debe karatun lokacin mutuwa daga na lokacin kunnuwa. Abin da ya rage namu ne. Sauyin ƙarfin LED da sauyin launin fuska kuwa ana rage su da zare na uku: masu karɓa biyu, ɗaya kusa da mai aikawa ɗaya nesa kaɗan, sai a raba karatun wannan da na wancan. In haske ya ragu da kashi goma, duka biyun sun ragu da kashi goma, rabon bai canza ba. In tazara ce ta canza, rabon zai motsa. Wannan ita ce dabarar da ke cikin na'urorin kamfani masu tsada da ake cewa ba ruwansu da launin abu. Ƙura kuma sai rufi, da gogewa a kan lokaci.

Saiti shi ne aikin da ba a tsallakewa. A ɗaure na'urar a kan maikuromita, wato ma'aunin nan mai murɗawa da ke matsawa kaɗan-kaɗan, a sa ainihin irin ƙarfen da za a auna a gabanta, ba madubi ba, a dinga matsawa maikiron 50 ana rubutawa, a je a dawo, a sake da safe a sake da rana. In layin tafiya da na dawowa ba su hau kan juna ba, akwai abin da ke lilo a mariƙin. Galibi a wajen kare aikin kammala karatu, teburin awo ɗaya ake nunawa, wanda aka ɗauka rana ɗaya da madubi a ɗaki mai sanyi. Da malamai za su dinga tambayar "Ina na washegari?" da an ga bambanci.

Inda ta fi amfani

Tambayar da ta dace ita ce, tunda ga geji mai agogo, me zai sa a wahala? Amsa uku ce. Ba ta taɓa abin da take aunawa, don haka tana iya kallon shaf yana gudu, ko fatar sifika, ko leda mai laushi da geji zai lotsa. Tana da sauri, domin fotodayod na bin canjin haske sau dubbai a daƙiƙa, allurar geji kuwa ba ta iya bin ko 25. Sannan babu ƙarfe ko wuta a cikin zaren. Ana iya kai bakinsa jikin babbar mota mai cin wuta ko kusa da taransifoma ba tare da maganaɗisun wurin ya dagula karatu ba, kuma ba ya tartsatsi, abin da ke da muhimmanci a wurin fetur ko gas. Wannan dalilin ne ya sa ake amfani da makirfo na zaren haske a cikin injin hoton MRI, inda ƙarfe ba ya shiga.

A ganina girgiza ce aikin da ya fi dacewa da ita a garin nan, kuma dalilin yana cikin matsalolin da na lissafa. Ɗumamar LED da taruwar ƙura da miƙewar mariƙi duk a hankali suke faruwa, cikin mintuna ko awanni. Girgiza kuwa cikin ƙiftawar ido take. Raba su a lissafi abu ne mai sauƙi. Ko da girman lambar ya ɗan kauce, saurin girgizar ba ya kaucewa, kuma shi ne ke faɗin ciwon. A inji mai juyi 1,500, girgiza mai ƙarfi a 25 cikin daƙiƙa yawanci rashin daidaiton nauyi ne, wato gefe ɗaya ya fi ɗaya. In ta fito da ƙarfi a 50, akan zargi haɗin inji da abin da yake ja, cewa ba su kalli juna daidai ba. Ƙaramin janareta mai juyi 3,000 kuma lambobin sun ninka. Ba a ma buƙatar allo mai tsada: ramin makirfo na kwamfuta na ɗaukar karatu sau 44,100 a daƙiƙa, akwai kuma manhajoji na kyauta da ke zana wace girgiza ce ta fi yawa. Sharaɗi ɗaya ne, a kafa mariƙin a wurin da ba ya rawa tare da injin, in ba haka ba ana auna bambancin rawar biyu ne.

Daga nan sauran amfanin duk dabara ɗaya ce aka sauya mata riga. A sa siririn faifan ƙarfe a bakin bututu, matsin ruwa ko iska ya tura shi, zare ya auna turawar, an samu ma'aunin matsi. A sa abu mai iyo a tanki da ɗan madubi a kansa, an samu ma'aunin ruwa, duk da dai na ɗan gajeren zango. A masana'antun lemo da na magani, irin wannan zare ne ke ƙirga kwalabe a kan bel, kamfanoni irin su Omron da Keyence na sayar da su, sai dai can tambayar "akwai ko babu" ce kawai, shi ya sa ba sa ba da wahala.

Akwai wani amfanin da ake yawan zumuɗi a kansa, wato gane algus. In aka tsayar da tazara wuri ɗaya aka cika ratar da ruwa, buɗewar hasken na canzawa gwargwadon yadda ruwan ke lanƙwasa shi. Ma'aunin lanƙwasar ruwa 1.33 ne, na man gyaɗa kusan 1.47, na zuma kusan 1.49. Don haka na'urar na iya bin yawan sukari ko gishiri a ruwa, kuma an gwada hakan sau da yawa. Amma mai sayen mai a Singa kada ya sa rai tukuna. Man gyaɗa da na waken suya da na auduga duk lambobinsu na maƙwabtaka da juna, zafin rana kaɗai na iya motsa karatu fiye da yadda gaurayen zai motsa shi. Zuma da aka sirka da ruwa za ta tonu, wadda aka sirka da sukarin da aka dafa ya yi kauri kuwa za ta wuce salin alin.

Gine-gine su ne inda buƙata ta fi girma, kuma inda na fi taka-tsantsan. Kano ta cika da gadojin sama cikin 'yan shekarun nan, ga madatsun Tiga da Challawa, kuma waɗanda suka manyanta ba su manta ɓallewar madatsar Bagauda a 1988 ba. Ƙarfe da kankare na miƙewa da kusan maikiron 10 zuwa 12 a kowace mita a kowane digiri, don haka dogon bim mai mita 30 na iya ƙaruwa da milimita 7 idan zafi ya sauya da digiri 20. Wannan numfashi ne na lafiya, an bar masa gurbi tun wajen zane. Abin da injiniya ke nema shi ne tsagar da ke buɗewa ba ta komawa, kuma gano ta na buƙatar awon watanni, daidai inda na'urar mai araha ta fi rauni. Manyan ayyuka a duniya na amfani da wani nau'in daban, zaren gilashi da aka yi wa zane a ciki, wanda Ken Hill ya gano a Kanada a 1978. Shi launin hasken da ya dawo ake karantawa, ba yawansa ba, don haka raunin fitila ko lanƙwasar waya ba sa ruɗa shi. Zaren kansa ba shi da tsada can, akwatin karanta shi ne ke cin dubban daloli.

Ta roba na iya riƙe tsagar katangar makaranta ko ta tsohon ginin ƙasa a cikin Birni, in an yi mata abokiya: na'ura ta biyu iri ɗaya sak, a manne ta a gefe inda bangon bai tsage ba, cikin rufi ɗaya, da fitila ɗaya. Duk abin da zafi da tsufan LED suka yi wa ta farko sun yi wa ta biyu, sai a debe. A haɗa da ma'aunin zafi, a dinga ɗaukar karatu a lokaci ɗaya kullum, gara da asuba kafin rana ta bugi bangon. Kuma kada a yanke hukunci sai an ga damina ɗaya da rani ɗaya, domin ginin ƙasa na kumbura a Agusta ya tsuke a Maris.